Masu Ta'aziyya Daga Gwiwa

A majalisarmu ta bakin kasuwa a Kazaure, idan aka yi wa kulob ɗinka cin wulaƙanci, tsiyar ba ta ƙarewa a gidan kallo. Washegari da safe har gida ake zuwa yi maka ta'aziyya. Za a shigo soro ɗaya bayan ɗaya, kowa da hularsa, kowa ya ɗaure fuska, a tsuguna a gabanka a ce, "Ashe abin da ya faru ke nan? Ya muka ji da haƙuri?" Wani ya ce jiya-jiyan nan ya ga marigayin da ƙafarsa. Wani ya tambaya ko ya daɗe yana jinya. Kai kuma dole ka fito da tabarma, ka sunkuyar da kai ka amsa, don in ka yi fushi an ci ka sau biyu ke nan. Har ƙuli-ƙuli ake kawowa a leda, wai sadaka. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a ɗaga hannu a yi fatiha. Limamin unguwarmu ya taɓa ja mana kunne a kan wannan, muka kuma ji.

Ni ne uban tafiya a wannan harka, ba na musu. Tun ina saurayi nake bin masu jar riga na Ingila, kuma bakina bai taɓa mutuwa a kan ƙwallo ba. Har gobe ina nan a kan bakana cewa kocin da zai canja ɗan wasa ana dab da tashi ɓarawon lokaci ne kawai, kuma na'urar nan da alƙalin wasa yake rugawa ya leƙa ta kashe rabin daɗin ƙwallo. Ka yi tsalle, ka ture shayin mutane, ka rungumi wanda ba ka sani ba, sannan a ce wai yatsan ƙafar wani ya yi satar gida. Wannan ai cin mutunci ne. Akwai wani mai sayar da takin zamani a Gwiwa, ɗan shuɗiyar riga na gani-kashe-ni, wanda yakan shigo Kazaure sari ya tsaya kallo tare da mu. Shekarar da aka yi musu ruwan ƙwallaye, sai da na haɗa babura muka je har ƙofar shagonsa, muka shimfiɗa tabarma a gaban masu sayen taki. Ya kira ni a waya tun muna hanya, ya ce kada mu zo, matarsa na naƙuda. Na ce in ta haihu sai mu haɗa da barka. Ƙarya yake, ko ciki ba ta da shi. Ko yanzu in na tuna fuskarsa ranar sai na yi dariya.

Baba kuwa bai taɓa ɗaukar ƙwallon ƙafa a bakin komai ba. Shi ɗan tanis ne. Ya koya ne a Kano lokacin da yake akawun gwamnati, kuma har yau raket ɗinsa na katako yana rataye a ɗakinsa, igiyoyin sun saki. Mun sha yin musu da shi. Ni a ganina wasan da za a ce wa ɗan kallo ya yi shiru ba wasa ba ne, zaman makoki ne. Mutum biyu suna ta mayar wa juna abu, kawunan jama'a na juyawa hagu da dama kamar na ƙadangaru. Shi kuma ya ce mu mutum goma sha ɗaya ne a fili, in an ci mu kowa yana nuna ɗan'uwansa, amma ɗan tanis in ya faɗi ba shi da wanda zai ɗora wa.

A daminar da nake ba da labarinta, abubuwa biyu sun haɗu mana. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na hagu ya mutu, ƙafar tana jan ƙasa, maganarsa ta yi nauyi. Likita ya ja ni gefe ya ce jinin Baba ba ya son tashin hankali, in abin ya sake bugawa ba lallai ne ya tashi ba. Na biyu kuma autanmu. Shi fataucin awaki yake yi, ta garin Babura yake tsallakawa Nijar ya saro, aljihunsa kullum da sefa. Yana can ciki aka rufe iyaka. Da farko muna waya, daga baya wayar ta daina shiga. Abokan fataucinsa suka riƙa dawowa ta hanyoyin daji ɗaya-ɗaya, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce ya gan shi a wata kasuwa can arewa. Wani ya ce an tare wata motar fatake, amma bai san su wa ke ciki ba.

Ba mu gaya wa Baba ba. Kullum da safe in na shiga gaishe shi sai ya ce, "Auta fa?" Ni kuma in ce mun yi waya jiya, yana gaishe shi, layin ne ba ya zama. Inna ce ta ce a yi haka, ni ma kuma haka na ga ya dace.

Matsalar ita ce Baba ya san wannan sana'ar fiye da mu. Lokacin da yayansa ya rasu a hatsarin mota, kakarmu tana kwance ba lafiya, Baba ne ya tsara yadda aka ɓoye mata. Aka kai tabarmin zaman makoki ƙofar maƙwabta. Da ta ji hayaniyar mutane ta tambaya, ya ce mata suna ake yi. Har ta koma ga Allah tana aika wa ɗanta gaisuwa. Saboda haka da ciwo ya kwantar da shi, abu na farko da ya nema shi ne a dawo da gadonsa ɗakin da ke jikin soro, wanda tagarsa ke kallon lungu. Ya ce iska yake so. Mu duka mun san ba iska ba ce. Duk wanda ya yi sallama sai ya kasa kunne. In mutum uku suka shigo tare, sai ka ga idonsa ya tsaya a kan ƙofa har sai ya ji dariyarsu.

Ranar Lahadin, bayan azahar, na zauna da shi muna kallon tanis a ƙaramar talabijin ɗinsa. Wasu 'yan mata biyu ne ke bugawa. Ƙwallo ta faɗi a kan layi, ɗayar ta ɗaga hannu tana gardama, aka nuno hoton na'ura. Baba ya yi tsaki da rabin bakinsa.

Na ce, "Ka gani ko, Baba? Ku ma na'urar ta shigo muku."

Ya ce, "Lalaci ne." Ya daɗe yana haɗa maganar, ni kuma na koyi jira. "Mu a filinmu ba alƙali. In ta faɗi a gefenka, kai za ka faɗa. Ciki ko waje. Abokin wasanka ya yarda."

"In mutum ya yi ƙarya fa?"

"Sau ɗaya zai yi. Ba mai ƙara wasa da shi."

"To in bai gani da kyau ba?"

"In ba ka gani ba, tana ciki. Haka dokar take."

Na ce wannan doka da a ƙwallon ƙafa ce, da an yi kisan kai. Ya yi 'yar dariya. Da aka kira la'asar na gyara masa matashi na fita, don ranar muna da babban wasa, kuma rabona da gidan kallo tun kwanciyarsa.

Da ma ban je ba. Kafin in gama zama an zura mana ɗaya. Golanmu ya fito kamar mai zuwa sayen goro, aka ɗaga masa ta sama. Kafin hutun rabin lokaci an ƙara biyu, ɗan bayanmu ya karɓi jan kati a kan shirme. Gidan kallo ya kaure. Ana buga benci, ana kiran sunana daga kowace kusurwa. A da, da ni ma na miƙe ina zagin koci har muryata ta dushe. Amma da ta huɗu ta shiga, wani abu ya faɗo mini a rai. Gobe Litinin. Gobe da safe mutane za su jeru a soronmu da huluna, su tsuguna a jikin bangon ɗakin Baba, su ce ashe abin da ya faru ke nan.

Ban ga ta biyar ba. Na kama hannun taubashina na ja shi waje. Ɗan goggona ne, tela, ɗan shuɗiyar riga shi ma, kuma tun muna yara ba abin da yake so kamar ya ga na ji kunya. Ya fito yana share hawayen dariya yana cewa, "Maraya, tun yanzu? Ka bari a yi jana'iza tukuna."

Na ce, "Ka tuna a wane ɗaki kawunka yake kwance."

Dariyar ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "Innalillahi." Ya koma ciki, kafin a tashi wasa ya bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi gardama. Duk sun san Baba, duk sun san zancen auta. Har na fara samun numfashi, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga mai takin Gwiwa. Ya sassauta murya kamar mai wa'azi: "Mun ji abin da ya faru. Allah ya sa kaffara ce. Muna tafe da safe, ni da jama'ata."

Na kira shi nan take. Ya ɗauka yana dariya. Na ce ya saurare ni da kyau, mahaifina ba shi da lafiya, ƙanena ya ɓace a Nijar, in suka zo za su iya kashe tsohon. Na rantse masa. Ya bari har na gama, sannan ya ce, "Allah sarki. Ni ma bara matata naƙuda take yi." Ya kashe wayar. Na sake kira, a rufe. Taubashina ya kira, a rufe. Muka nemi lambar wani maƙwabcin shagonsa, shi ma da ya ji muryata sai ya fashe da dariya, ashe yana cikin masu zuwa.

Na so in hau babur in tafi Gwiwa a lokacin, amma hadari ya riga ya haɗo ta gabas, kafin magariba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Taubashina ya ce ko na tafi ba zan wuce rafin da ke hanya ba. Na shiga gida na gaya wa Inna. Ta zauna a bakin gado ta dafe kai. Na ce ko mu mayar da Baba ɗakin ciki. Ta ce, "In ka taɓa gadon nan yau, ka gaya masa an yi mutuwa ke nan." Na ce ko a rufe tagar. Ta ce duk ɗaya ne. Sannan ta dube ni ta ce, "Mutum da gemunsa, da 'ya'yansa." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta buƙatar ƙarawa.

Shawarar da muka yanke ita ce mu tare su a hanya. Mai shigowa unguwarmu daga yamma hanya biyu gare shi, ko titin kwalta ko wata ta bayan gonaki da masu babur suke yankewa. Ana sallame asuba taubashina ya tafi ta gonaki, ni na tsaya a bakin titi. Ana yayyafi. Duk babur ɗin da ya ɓullo sai na shiga gabansa ina ɗaga hannu kamar ma'aikacin hanya. Na tare mai madara, na tare wani malamin makaranta, na tare wani dattijo da buhun gawayi wanda ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Gari ya yi haske sosai. Na fara gaya wa kaina ruwan jiya ya hana su, ko kuma mutumin ya yi tunani cikin dare ya gane ba wasa nake ba. Wata a-kori-kura ta wuce ni ɗauke da buhuna, mutane a samanta sun lulluɓe kawunansu da leda saboda yayyafi. Ko kallo na biyu ban yi mata ba, ashe su ne a kai. Masu babur nake jira, don mu da babura muka je musu.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara. Inna ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kana ina? Ga su nan a soro."

Ban san yadda na iso ba. Na dai san na yar da babur ɗin a bakin lungu ba tare da na kafe shi ba. Tun daga nesa na hango takalma a jere a ƙofar gida, abin da Baba ya yi wata da watanni yana kasa kunne yana jira.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru kafin in zo. Sun yi sallama ba a amsa ba, sai suka ɗauka ɓuya na yi. Suka shimfiɗa tabarmar da suka zo da ita, suka zauna, mai takin ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida: "A fito a karɓi gaisuwa! Ɓuya ba ta dawo da wanda ya tafi. Yaro ne, amma kwanansa ya ƙare." Sauran suka amsa da "Allah sarki."

Da na shiga, soron tsit yake. Mutum shida a durƙushe, ledar ƙuli-ƙuli a tsakiyarsu. Baba yana zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗakinsa, ya jingina da jikin ƙofar. Mutumin da sai mun kama shi mu biyu yake sauka daga gado, shi kaɗai ya jawo jikinsa har nan. Hularsa ta faɗi, rigarsa ta tattare, gumi na bin wuyansa, ƙirjinsa yana hawa da sauka. Ta bayan labulen tsakar gida ina ganin ƙafafun Inna.

Mai takin ya rarrafo gabansa yana cewa, "Baba, wallahi tallahi wasa ne. Ƙwallo ce. Kulob ɗinsa aka ci jiya, shi ne muka zo tsokana. Ba wanda ya rasu. Ku gafarce mu, Baba." Baba ko kallonsa bai yi ba. Taubashina ya faɗo soron yana haki, wandonsa duk taɓo, ya zube a gefe ya ce, "Kawu, gaskiya yake faɗa. Shirmenmu ne na yara. Ni ma ina ciki."

Baba ya ce, "Ni suna na ce mata."

Baƙin ba su gane ba, amma ni da taubashina mun gane kakarmu yake nufi. Ya juyo da idonsa kaina. Ɓarin bakinsa na hagu yana rawa, kuma na ga jijiyar gefen goshinsa ta tashi. Maganar likita ta dawo mini. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Yaushe?"

"Baba, ba a yi komai ba. Waɗannan mutanen Gwiwa ne, abokan..."

"Bar su." Ya ja numfashi. "Kai nake tambaya. Yana da rai?"

Amsar tana kan harshena. Kullum ita nake ba shi, ba ta da wuya: lafiyarsa ƙalau, jiya ma mun yi waya. Na ji labule ya motsa, na san Inna ita take so in faɗa. Taubashina yana gyaɗa mini kai a hankali. Amma na dubi Baba na ga in na faɗe ta yau, a gaban takalman nan da tabarmar nan, ba zai ji komai ba sai muryarsa shi kansa yana ce wa kakarmu suna ake yi. Zai ɗauka an gama, ya koma gado ya yi makokin ɗansa shi kaɗai, kuma ban ga alamar jikinsa zai ɗauki wannan ba. In kuma na faɗi gaskiya, ban san ko zai kai ƙarshen maganar ba. Ko ta ina na duba, rami ne.

Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya dafa ƙirjina. Ya ce, "A gefenka ta faɗi."

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Na ji Inna ta yi salati a bayan labule. Na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya ɗorawa ba. Na ce rabon da mu ji muryar auta tun ana noman farko. Na ce duk gaisuwar da nake kawo masa da safe ni nake ƙirƙira ta a tsakar gida. Na ce mun aika Babura, mun tambayi duk wanda ya dawo, wani ya ce ya gan shi a kasuwa, wani ya ce an tare mota. Ba wanda ya ce mana ya mutu, ba kuma wanda ya ce ga inda yake. Na ce mutanen nan kuwa don ƙwallo suka zo, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai, amma ɗayar ba zan iya ba.

Ya rufe ido. Hannunsa yana nan a ƙirjina. Ba wanda ya motsa. Ina kallon bakinsa ina jiran in ga ko zai ƙara karkacewa, ina karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokitin da Inna ta tara.

Can ya buɗe ido.

"Ba ka gani ba?"

"Ban gani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To tana ciki."

Ya sauke hannunsa. Numfashin bai daidaita nan da nan ba, amma na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya juya, a karo na farko ya dubi mai takin, wanda har lokacin goshinsa yana kusa da ƙasa.

"Kai. Nawa aka ci su?"

Mutumin ya ɗago da jajayen idanu, ya dube ni, ya dubi Baba. Ya ce, "Biyar, ranka ya daɗe."

"Da nema?"

"Da nema."

Baba ya ce, "Ya cancanci gaisuwa." Ya ce wa taubashina ya gaya wa Inna a kawo wa baƙi koko, sun yi tafiya cikin ruwa. Ba wanda ya iya sha. Muka ɗauke shi muka mayar gado, na kira ma'aikacin asibitin da ke duba shi. Ya auna jinin, ya dube ni da wani irin kallo, ya yi masa allura, ya ce kada kowa ya shiga sai ya farka. Na zauna a ƙofar ɗakin har azahar ina sauraren numfashinsa. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da kai.

Daga ranar tambayar safe ta canja. In na shiga ya ce, "Auta fa?" sai in ce, "Ba labari, Baba." Shi kuma ya ce, "Tana ciki." Wata rana da ƙarfi yake faɗa, wata rana da ƙyar nake ji. Amma ya ce a mayar da gadonsa ɗakin ciki, wai hayaniyar lungu tana hana shi barci.

Auta ya dawo ana yankan gero. Wani mai babur ne ya sauke shi daga Kanya Babba ta wajen garin Babura, ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a wata ruga, aka sace wayarsa da kuɗinsa, Fulanin wurin suka yi jinyarsa har ya miƙe. Ya shiga ya durƙusa a gaban Baba. Baba ya kama wuyan hannunsa da hannunsa mai lafiya, ya riƙe, ya ƙi saki har aka kira sallah.

Ta'aziyyar ƙwallo kuwa ba wanda ya ce a daina. An dai ci wani kulob cin kaca bayan nan, Litinin ta zo ta wuce, ba wanda ya ɗauko tabarma. Ni har yanzu ina zuwa gidan kallo, har yanzu ina zagin koci, kuma ra'ayina a kan na'urar nan bai canja ba. Tanis ma ban fara sonta ba, in faɗi gaskiya. Na dai zauna na kalle ta da Baba duk ranar da aka nuna, har ƙarshe.

Baba ya rasu kafin daminar da ta biyo baya, cikin barcinsa, auta yana ɗakin. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a inda ya kamata. A rana ta biyu da hantsi na ga babura sun tsaya a bakin lungu. Mutanen Gwiwa ne, su shidan nan, kowa da hularsa. Suka cire takalma suka jeru, suka tsuguna a gabana ɗaya bayan ɗaya, mai takin a gaba. Ya buɗe baki ya ce, "Ashe..." sai ya tsaya. Ya sake gwadawa, "Ya muka ji da..." nan ma ya kasa. Na gane abin da ya same shi, don ni ma na kasa ɗago kai. Duk kalmomin da ake faɗa a irin wannan wuri mun riga mun yi wasa da su, ni da shi, kuma Baba ya ji su da kunnensa.

Ya daɗe a tsugune, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce a yi fatiha, muka ɗaga namu.